Daga Kasuwar Uba Zuwa Ajin Koyon Ciniki A Mubi

Duk lokacin da aka buɗe sabon zangon karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Gwamnatin Tarayya da ke Mubi, akan ga motocin haya suna ta sauke samari da 'yan mata da akwatunansu da tabarmi da 'yan ƙullin gari, daga Hong da Michika da Madagali da Maiha da sauran garuruwan da ke kewaye. A cikinsu akwai 'ya'yan 'yan kasuwar Uba, waɗanda iyayensu suka tsame su daga shago ko rumfa, suka biya musu kuɗin makaranta domin su je su koyi sha'anin ciniki da tafiyar da ma'aikata. Al'amarin yana da ban mamaki ga wanda ya dube shi sama-sama: yaron da ya tashi yana auna dawa tun bai cika shekara goma ba, yau an ce ya zauna a kan benci wani malami mai cin albashi ya koya masa saye da sayarwa. Tambayar da ke bakin mutane da yawa, har da shi kansa ɗalibin, ita ce: da me zai ƙaru? Amsar tana cikin takardar jerin darussan da ake miƙa masa a makon farko, in har an karanta ta da idon basira.

Shi garin Uba, kamar yadda masu bin hanyar Mubi zuwa Michika suka sani, gari guda ne amma iyakar jiha ta ratsa shi. Wani sashe yana cikin Ƙaramar Hukumar Askira-Uba ta Jihar Borno, ɗaya sashen kuma yana cikin Ƙaramar Hukumar Hong ta Jihar Adamawa. Mutanensa manoma ne kuma 'yan kasuwa, kuma tun fil azal idonsu yana kan Mubi, inda shanu da kaya ke shigowa daga Kamaru da Chadi. Ita kuwa kwalejin, an kafa ta a Yola a cikin shekarar 1979, aka komo da ita Mubi a 1982, tun zamanin tsohuwar Jihar Gongola. A 2002 Mubi ta sami ƙarin Jami'ar Jihar Adamawa. Saboda haka yaron Uba mai son karatun ciniki ba ya bukatar ya yi nisa da gida, kuma duk abin da aka faɗa masa a aji yau yana iya gwada shi a rumfar mahaifinsa a ƙarshen mako.

Jerin darussa

Tsarin karatun irin waɗannan kwalejoji yana hannun Hukumar Kula da Ilmin Fasaha ta Ƙasa, watau NBTE, wadda aka kafa a 1977, kuma hedkwatarta tana Kaduna. Ɗalibi yakan yi shekara biyu, zango huɗu ke nan, ya karɓi ƙaramar difloma. Sai ya fita ya yi aiki na shekara guda domin ya goge, kana ya dawo ya yi wasu shekaru biyu in yana son babbar difloma. A shekarar farko, wanda ya zaɓi fannin tafiyar da kasuwanci yakan tarar da darussa kamar haka: ƙa'idojin aikin akanta, da lissafin kasuwanci, da ilmin tsimi da tanadi, da ƙa'idojin shari'a, da dabarun sayen kaya da na tallata su, da Turanci, da sanin haƙƙin ɗan ƙasa, da aiki da kwamfuta, da kuma darasin kafa sana'a.

Tunani iri biyu ne ke fara zuwa wa sabon ɗalibi ɗan kasuwa idan ya gama karanta wannan jeri. Na farko shi ne raini. Yana ganin duk abin nan ya riga ya san shi, tun da ya iya taya kaya, ya iya gane abokin ciniki mai niyyar saye da mai ɓata lokaci, ya kuma iya ba da canji ba tare da ya taɓa alƙalami ba. Na biyu kuwa tsoro ne. Da zarar malami ya cika allo da layuka da kalmomin Turanci, sai ya ji kamar wannan karatu na manyan kamfanonin Ikko ne, babu ruwansa da mai sayar da wake a Uba. Dukan tunanin nan biyu ba su kan daɗe ba. Kafin a ci rabin zango, ɗalibi mai lura yakan gane cewa kowane darasi yana magana ne a kan wani abu da ya saba gani a kasuwar garinsu, sai dai an ba shi suna, an kuma sa masa ma'auni. Abin da mutum bai iya aunawa ba kuwa, ko ya daɗe yana yin sa, bai gama mallakarsa ba.

Shago daban, mai shago daban

Darasin akanta ne ke fara girgiza ɗalibi, kuma tun a ƙa'idarsa ta farko. Malami yakan ce a wajen rubuta hisabi, shago mutum ne mai zaman kansa, mai shagon kuma wani mutum ne dabam. Watau idan maigida ya sa hannu a aljihun tebur ya ɗebi kuɗin cefane, ko kuɗin suna, ko na maganin yaro, to shago yana bin sa, kuma dole a rubuta. Wannan magana takan yi wa ɗan Uba nauyi a kunne, domin a gidan da ya tashi aljihun maigida da asusun shago abu ɗaya ne. Daga nan ake ciyar da gida, daga nan ake yi wa dangi alheri, daga nan ake sayen ragon layya ko kayan Kirsimeti. Babu mai cewa a daina alheri. Abin da darasin ke nunawa shi ne, mutum ya san daga riba yake bayarwa ko daga uwar kuɗi. Shaguna da yawa da suka rufe, masu su ba su yi caca ba, ɓarawo bai shiga musu ba. Sun cinye jarinsu ne kaɗan-kaɗan suna tsammanin riba suke ci. Hausawa sun ce da yayyafi kogi kan cika. To da ɗiga kuma randa kan ƙare.

Daga nan sai a shiga ƙa'idar rubuta kowace ma'amala sau biyu. Idan aka sayi buhu goma na masara da kuɗi hannu, a rubuta cewa kaya sun ƙaru, a kuma rubuta cewa kuɗi sun ragu. Idan bashi aka ɗauko su, kaya sun ƙaru, abin da ake bin shago shi ma ya ƙaru. Ta haka a kowane lokaci abin da shago ya mallaka yakan yi daidai da abin da ake bin sa haɗe da jarin mai shi. In ɓangarorin biyu suka ƙi daidaita, to akwai kuskure ko akwai hannu, kuma littafin zai nuna inda za a nema. Wannan dabara ta tsufa ƙwarai. Wani malamin lissafi ɗan ƙasar Italiya mai suna Luca Pacioli ya bayyana ta a cikin littafin da ya buga a birnin Benis a shekarar 1494, shi ma kuwa abin da fataken ƙasarsa suka daɗe suna yi ne ya tattara ya rubuta. Ashe 'yan kasuwa ne suka haifi ilmin, malamai suka raine shi.

Ɗalibin da ya yi karatun zaure kafin ya zo kwaleji yakan tuna cewa rubuta bashi ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, watau ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi mai ajali da kafa masa shaidu ta sauka. Duk da haka, ciniki mai yawa a kasuwannin karkara a kan amana da ƙwaƙwalwa yake tafiya. Maigida ya san wanda yake bi da wanda ke bin sa, amma a kansa kaɗai abin yake. Amana abu ne mai daraja, kuma ita ce ta riƙe fatauci tsakanin Mubi da ƙasashen maƙwabta shekara da shekaru. Sai dai ƙwaƙwalwa tana tafiya tare da mai ita. Mutanen wannan yanki sun ga haka da idonsu a ƙarshen watan Oktoba na 2014, sa'ad da 'yan Boko Haram suka shiga Uba suka kuma kama Mubi, jama'a suka watse, wasu suka nufi Yola, wasu suka tsallaka Kamaru, aka rufe makarantu da kasuwanni. An ƙwato Mubi a cikin watan Nuwamba na shekarar, mutane suka fara komowa sannu a hankali. To, a irin wannan hali, idan mai shago ya rasu ko ya ɓace, iyalinsa ba su da hanyar sanin wanda ya karɓi kaya bai biya ba, ko wanda ya ba da ajiya yana jiran abinsa, sai abin da masu tsoron Allah suka zo suka faɗa da bakinsu. Ɗalibin da ya girma cikin wannan labari ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane amfanin ƙaramin littafi mai layuka, da amfanin ajiye kwafensa a wani wuri dabam.

Riba ta gaskiya da ta baki

Lissafin kasuwanci shi ne darasin da aka fi gudu, musamman waɗanda suka sha wuya da lissafi a sakandare. Amma shi ne ya fi saurin biyan mai shi. Ga misali irin wanda akan buga a allo. A ce mutum ya sayi buhun wake naira 80,000 ya sayar naira 100,000. A bakin kasuwa za a ce ya ci 20,000. Malami zai fara da tambaya: kashi nawa ke nan? In an auna da kuɗin saye, kashi 25 ne cikin 100. In an auna da kuɗin sayarwa, kashi 20 ne. Mai rikita waɗannan biyu yakan yi ragi ga abokin ciniki har ya shiga cikin jarinsa bai sani ba. Sa'an nan a zo ga ɗawainiya: kuɗin mota 3,000, 'yan dako 1,000, buhu da zare 500, harajin kasuwa 500, abin da ƙwari da ragin awo suka ci kuma a ƙiyasta shi 3,000. An kashe 8,000 ke nan, riba ta komo 12,000.

Ba a nan maganar ta tsaya ba. A ce kafin ya gama sayar da wancan buhu, farashin sabo ya tashi zuwa 95,000. Abin da ya rage a hannunsa bayan ɗawainiya 92,000 ne, watau ba zai iya mayar da buhun da ya sayar ba ko da bai taɓa ko kwabo ya kai gida ba. A takarda ya ci riba, a rumfa kuwa kayansa sun ragu. Wannan shi ne abin da ya sami ƙananan 'yan kasuwa masu yawa bayan an janye tallafin man fetur a ranar 29 ga watan Mayu na 2023, kuɗin sufuri ya tashi, har Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ba da labarin cewa hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a watan Disamba na 2024. Kuɗi na ƙaruwa a aljihu, buhuna na raguwa a sito.

Haka kuma lissafin rance. Wanda aka ce masa ya karɓi naira 500,000 a kan kashi 5 cikin 100 kowane wata, yakan ji abin kamar kaɗan ne. Amma 25,000 ne duk wata, 300,000 ke nan a shekara, watau kashi 60 cikin 100. In kuwa sharaɗin shi ne duk abin da ba a biya ba a ɗora shi a kan uwar kuɗi, to bayan wata goma sha biyu bashin ya kusa naira 898,000. Ɗalibin da ya iya wannan lissafi zai iya hana mahaifinsa sa hannu a takardar da za ta ci gonarsa. Zai kuma iya kwatanta irin wannan rance da adashe, ko da ƙungiyar gama kai, ko da tsarin raba riba da hasara na bankunan da ba su karɓar ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, ya faɗa wa mutanen gida wanda ya fi sauƙi da hujja.

Dalilin tashin kaya da faɗuwarsu

A darasin tsimi da tanadi ne ɗalibi ya fi yin murmushi, domin abin da malami ke zanawa da layuka biyu masu gilma juna, shi ya san shi tun yana ƙarami. Da kaka hatsi ya yi yawa a kasuwa, manoma na bukatar kuɗi, sai farashi ya faɗi. Da damina ta yi nisa rumbuna sun yi ƙasa, sai ya tashi. Rago kafin Babbar Salla da rago bayanta ba kuɗinsu ɗaya ba. Abin da darasin ke ƙara masa shi ne ya riƙa tambayar dalili, da kuma iyakar abin. Don me tsadar gishiri ba ta hana a saye shi, amma tsadar atamfa takan sa mata su haƙura? Shin ajiye hatsi daga kaka zuwa damina riba ce kullum, bayan an cire kuɗin sito da maganin ƙwari da kuma abin da kuɗin za su jawo da an juya su a wata hanya?

Ga ɗan wannan yanki kuwa, babin canjin kuɗi ba labarin nesa ba ne. Kuɗin sefa da ake kashewa a Kamaru da Chadi an ɗaure shi da kuɗin Turai na yuro tun 1999, a kan sefa 655.957 kowace yuro ɗaya. Ita kuwa naira, Babban Bankin Nijeriya ya sake ta a watan Yuni na 2023 kasuwa ta yanka mata daraja, ta kuma faɗi ƙwarai a watannin da suka biyo baya. Sakamakon haka a fili yake: sa'ad da naira ta yi rauni, saniyar da aka koro daga ƙetaren iyaka takan yi tsada ga mai sayen Nijeriya, shi kuwa mai sefa a aljihu kayan Nijeriya sukan yi masa arha, sai ya kwashi hatsi da kayan kanti. Haka nan rufe iyakokin ƙasa da Gwamnatin Tarayya ta yi daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020 ya nuna wa mutanen kan iyaka cewa shawarar da aka yanke a Abuja tana iya sauya cinikin rumfa cikin dare ɗaya. Ɗan kasuwar da ke sauraron labarai da fahimta yakan shirya kafin abin ya iso ƙofarsa.

Taya da sallamawa a gaban alƙali

Darasin shari'a yakan fara da yarjejeniya, kuma a nan ma ɗalibi yakan tarar da kasuwar garinsu a cikin littafi. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, aka ƙara, ya ce ya sallama: tayi ke nan da karɓa, kuma daga wannan lokaci ciniki ya faɗa. Dillali wakili ne, la'adarsa hakkinsa ce, amma akwai iyakar abin da zai ƙulla da sunan mai kaya. Kafin alƙalami yana da hukunci, haka jingina, haka kayan da aka sayar da aibi a ɓoye. Abin da ɗalibi ke koya sabo shi ne yadda ake tabbatar da waɗannan abubuwa ran da aka yi saɓani, watau darajar rasit da kwanan wata da sa hannun shaidu. Kuma shi ɗan Uba yana da ƙarin dalilin kula, tun da ciniki ɗaya yana iya farawa a Jihar Borno ya ƙare a Jihar Adamawa ba tare da an bar gari ba, kowace jiha kuwa da masu karɓar harajinta da kotunanta.

Babin da ya fi kowanne nauyi shi ne na kamfani. Akan ba ɗalibai labarin shari'ar wani mai yin takalma a Ingila da ake kira Salomon, wadda kotun ƙoli ta ƙasar ta yanke a ƙarshen ƙarni na 19, inda aka tabbatar cewa kamfanin da aka yi wa rajista mutum ne a idon doka, dabam da wanda ya kafa shi. Yana mallaka, ana bin sa bashi, kuma ba ya mutuwa don mai shi ya mutu. A Nijeriya Hukumar Rajistar Kamfanoni, wadda aka kafa a 1990, ita ke wannan aiki, kuma dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya tak ya kafa ƙaramin kamfani. Amfanin wannan ga ƙasar Hausa da maƙwabtanta babba ne. Sau nawa aka ga attajiri ya rasu, aka raba shago da mota da sito, kowane magaji ya ja nasa, bayan 'yan shekaru babu ko ɗaya? In da dukiyar tana cikin kamfani mai littafi, sai a raba hannun jari bisa ga gado kamar yadda shari'a ta tanada, kowa ya san rabonsa, ciniki kuma ya ci gaba. Alhaji Alhasan Ɗantata na Kano, wanda ya fara da fataucin goro daga Gwanja ya kuma shahara a cinikin gyaɗa, ya rasu a 1955, amma kamfanin da ke ɗauke da sunansa ya ci gaba a hannun 'ya'yansa, kuma Alhaji Aliko Ɗangote daga wannan zuriya ya fito ta wajen mahaifiyarsa. Gidajen da suka yi irin wannan ɗorewa kaɗan ne, kuma ƙarancinsu shi ne babban dalilin da ya sa karatun ciniki ya zama wajibi.

Darussan da ake rainawa

Akwai darussan da sabon ɗalibi ke ɗauka cikon benci ne, watau Turanci da kwamfuta da sanin haƙƙin ɗan ƙasa. Wannan kuskure ne mai tsada. Wasiƙar neman rance, da takardar neman kwangila, da amsar da za a ba jami'in haraji ko na kwastan, duk da Turanci ake rubuta su, kuma wanda bai iya ba sai ya biya wani ya rubuta masa, ya kuma sa hannu a kan abin da bai fahimta ba. Batun kwamfuta da waya kuwa, farkon shekarar 2023 ya isa darasi. Sa'ad da aka sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi wuya a ƙasa baki ɗaya, wanda ke da asusun banki ya kuma iya karɓar kuɗi ta waya ya ci gaba da ciniki, wanda ba shi da su ya zauna yana kallon kayansa, ko ya karyar da su ga mai tsaba.

Darasin kafa sana'a, wanda Gwamnatin Tarayya ta wajabta wa manyan makarantu tun zangon karatu na 2007 zuwa 2008, shi ne wurin da duk sauran ke haɗuwa. A nan ake sa ɗalibi ya tsara sana'a a takarda kafin ya zuba ko sisi. Idan hayar rumfa da albashin yaro da kuɗin wuta sun kama naira 60,000 a wata, kuma ribar kowane abu ɗaya 200 ce, to sai an sayar da 300 a wata, watau goma kowace rana, kafin a ce an fita daga hasara. Wanda ya yi wannan lissafi tun da fari, ya san ko ya shiga ko ya fasa. Darasin yana kuma gyara wani tunani da ya daɗe, cewa amfanin difloma shi ne a sami kujera a ofishin gwamnati. Kujerun ba su kai yawan masu nema ba, kuma kowa ya san haka.

Abin da ya rage ga kowa

Nauyin farko yana kan ɗalibi. Kuɗin makarantarsa daga gumin wani suka fito, kuma shekarun da zai yi a aji shekaru ne da shago ya rasa hannunsa. Hanyar biyan wannan bashi ita ce ya sayi littafi mai layuka tun a hutun farko, ya nemi izinin mahaifinsa ya rubuta shiga da fitar wata guda cur, cikin ladabi, ba tare da nuna wa dattijo cewa ya fi shi sani ba. Dattijon yana da abin da babu shi a allo: sanin mutane, da haƙuri, da sunan da ya gina shekara talatin. Iyaye kuma ya kamata su buɗe wa 'ya'yansu sirrin ciniki, maza da mata, domin ɓoye hisabi ga magaji ba ya kare dukiya. Malamai su riƙa kawo misalai daga kasuwar shanu ta Mubi da rumfunan hatsi na Uba, su kuma tura ɗalibai su auno farashi da ƙafarsu, maimakon dogara ga misalan ƙasashen da yaran ba su taɓa gani ba. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da ƙananan hukumomin Hong da Askira-Uba su ma suna iya karɓar waɗannan ɗalibai a shekarar aikin gogewa, su gyara musu littattafai, kowa ya amfana.

Ran da mai shago a Uba zai iya buɗe littafi ya faɗi jarinsa da ribarsa da bashinsa ba tare da ya yi kame-kame ba, ran nan ne za a ce kuɗin makarantar da ya biya sun dawo gida. Allah ya ba ɗalibai sa'ar karatu, ya kuma sa wa kasuwa albarka.